Sun Ɗauke Ni

Hular kwanon da aka miƙo wa Haisam sabuwa ce fil, ko ledarta ba a ɓare ba. Ya juya ta a hannu, shi da ya shekara da shekaru yana shimfiɗa tayil a ƙetaren katangar iyaka kafin a soke musu takardar izinin shiga, ya san hular da ba ta taɓa ganin siminti ba.

Tun da safe ya baro Nablus, ya sha rana a shingen sojoji, don an kira shi a waya an ce sunansa ya fito a sabon shirin gwamnati na samar da aikin yi. A zauren taron na Ramalla ya tarar da irinsa birjik: magina, kafintoci, masu digiri, kowa ya goge rigarsa.

"Ka ga aikin?" in ji Abu Firas, wani dattijon birkila da ke gefensa. "Ni dai shayi na gani."

Wani darakta mai ƙamshin turare ya yi dogon jawabi a kan juriya. Sai wata budurwa ta koya musu yadda ake murmushi a gaban mai ɗaukar ma'aikata. Abu Firas ya yi tambaya ko za a nuna musu inda mai ɗaukar yake.

Daga nan aka jawo Haisam gaba, aka danƙa masa cokalin gini, aka ce ya durƙusa kan wani katako kamar yana aiki. Darakta ya dafa kafaɗarsa, masu hoto suka yi ta walƙiya. Motar darakta na fita, wani ma'aikaci ya bi layi da kwali yana karɓe huluna.

"Yaushe za mu fara?" Haisam ya tambaye shi.

"Ɗan'uwana, wannan zangon wayar da kai ne. In masu tallafi sun saki kuɗi, za a neme ku."

"Kaina a waye yake. 'Ya'yana ne ke jin yunwa."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya miƙo kwalin. Haisam ya jefa hular cikin kwalin da ƙarfi har ta yi tsalle ta faɗo ƙasa, ya fice.

Yana cikin motar haya wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce. Ta ce an nuno shi a talabijin, maƙwabta sun cika gidan, har ta aika a sayo kayan zaƙin kunafa a raba. Yana jiyo guɗa a bayanta.

"Abu Samir, ɗana, da gaske sun ɗauke ka?" ta tambaya, da laƙabin da take kiransa.

Haisam ya dubi layin motocin da ya miƙe har shinge.

"Sun ɗauke ni, Umma," ya ce. Bai ƙara da cewa hoto kawai suka ɗauke shi ba. "Ki ajiye wa yara nasu kason."