Ramukan Kawu

Wata huɗu na yi ina fama da littafin lissafin Kawu, kuma da na san abin da zan gani, da tun ranar farko na ce kwamfutata ta lalace. Kawu yayan mahaifiyata ne, ya shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya. Ya shigo shagona da littattafan rubutu bakwai a leda, ya dire su a kan injin fotokofi, ya ce, "Uwata, ga aikin mako biyu." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma da wannan sunan yake sa ni aikin da ba zan yi wa kowa ba.

Maɗaba'ar da za ta fitar da littafin ta ce sai an tsara shi da wata manhaja ta musamman. A cikinta ba ka ganin abin da kake bugawa. In kana son ɗaya bisa uku, sai ka rubuta umarni, ka sa ɗaya a cikin baka, wato alamar nan da ake buɗewa a rufe, ka sa uku a cikin wani, sannan ka danna ka jira ta ga dama. Ka manta rufe baka guda a shafi na arba'in, sai ta zubo maka jan rubutu tana ƙorafi a kan shafi na casa'in. Na taɓa wuni ina neman baka ɗaya, masu son a buga musu takardar neman aiki suna leƙowa suna komawa. Alwatika kuwa, in na ajiye ta a ƙarƙashin bayaninta, sai in tsince ta a shafi na gaba, kamar akuyar da ta tsinke igiya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kurakuran Kawu. A babi na ɗaya ya tsallakar da lamba zuwa ɗaya ɓangaren bai canja mata alama ba. Na ce tuntuɓen alƙalami ne. A babi na biyu ma haka, na uku ma haka. Tun da hawan jini ya kwantar da shi shekara biyu da suka wuce, yakan tambaye ni lafiyar yarana sau uku a zama ɗaya, don haka na ɗauka ciwon ne ya taɓa lissafinsa. Ban gaya wa kowa ba, har Mama. Duk inda na ga kuskure sai in gyara shiru, in ɓoye nasa layin a ƙasa da wata alama da ke hana shi fitowa a takarda. Da na kai ƙarshen babi na goma sha biyu, na gyara guda goma sha biyar, ina jin haushinsa ina jin tausayinsa.

Editan maɗaba'ar ya yanke mana ranar Alhamis ƙarfe huɗu. Ya ce in muka wuce, wasu littattafan za su hau inji, makarantu su buɗe su zaɓi nasu, mu kuma sai baɗi.

Ranar Alhamis da hantsi Kawu ya kawo gabatarwa, wadda na yi wata guda ina roƙo. Ya zauna a bencin masu jira, ni kuma na fara bugawa. A layi na shida hannuna ya tsaya cak. Ga abin da ya rubuta: "Ya kai ɗalibi, a kowane babi na haƙa maka rami guda a cikin misalan da na warware. Nemo shi da kanka, kada ka yarda da magana don kawai ka gan ta a buge."

"Kawu, kurakuran nan da gangan ka yi su?"

"Wane kurakurai? Ramuka dai. Haka na koyar tun ba a haife ki ba."

"To ai na cike su duka."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wa ya aike ki?"

Nan fa na fashe. Na ce wata huɗu yana zuwa shagon nan yana shan shayina, yana gyara mini waƙafi, amma bakinsa bai taɓa buɗewa ya faɗi wannan ba. Ya ce ramin da aka sanar ai ya zama rijiya. Na ce ni ba ɗalibarsa ba ce, mai buga masa littafi ce, kuma saura awa biyar. Mai gyaran waya na shagon kusa ya leƙo, ya ga fuskokinmu, ya koma.

Da muka huce Kawu ya ce, "Shi ke nan, mayar da su. Sha biyu ne, babi ɗaya rami ɗaya."

Na juya ga kwamfuta ina tattara takardu.

"Uwata, magana nake."

"Sha biyar na gyara, Kawu."

Ya mayar da tabaransa. Na so in yi ƙarya in ce na ƙirga ba daidai ba, amma ba a yi wa malamin lissafi irin wannan ƙaryar. Na gaya masa a babi na tara, da na sha ɗaya, da na sha biyu, bibbiyu na samu. Waɗannan ne ya rubuta bayan ya tashi daga ciwo, shi ma ya sani.

"Kada ki gaya mini inda suke," in ji shi. "Fitar mini da babobin yadda na rubuta su."

Na buɗe layukan da na ɓoye, manhajar ta yi gardamar da ta saba, na lallaɓa ta, na miƙa masa shafukan. Ya jawo benci kusa da taga, ya ciro jan biro. Kafin azahar ya gama da babi na tara, ya zagaye guda biyu, ya ce, "Wannan nawa ne, wannan na tsufa ne." Har dariya ya yi. Na sha ɗaya ya ci masa awa ɗaya da rabi, kuma babu dariya.

Ƙarfe uku da kwata ya samu raminsa na babi na sha biyu. Ɗayan ya gagara. Ya bi misalin ƙarshe daga sama har ƙasa, leɓensa na motsi, ya ce, "Wannan ai daidai yake." Ya wuce, ya sake dawowa kansa. Ni kuwa daga kujerata ina hango wurin, inda ya rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu. Gyaran minti ɗaya ne. Komai na shirye, dannawa kawai ya rage in tura.

Ƙarfe huɗu saura kwata na kasa daurewa, na tashi na miƙa yatsa. Ya riƙe mini hannu.

"In kika nuna mini, littafin ya zama naki."

Waya ta yi ƙara, edita ne. Na tuna wahalar wata huɗu, na ji kamar in fizge takardar in tura abina, kowa ya huta. Na fita bakin ƙofa na ɗauka.

"Malama, muna jiranki, inji na tsaye."

"Ku ɗora na wani," na ce. "Marubucin bai gama dubawa ba."

Ya fara faɗa, na kashe. Da na dawo Kawu bai ɗago ba. Ya koma farkon misalin, biro na kan layi na biyu, kuskuren kuma yana layi na biyar. Na ɗora ruwan shayi, na zauna a inda ba zai ga idona ba.