Gangarar Kofur

"Wannan gangara ce ko bakin rijiya?" Kofur ya daka tsawa daga ƙofar gidan hayar. "So kake ka ƙarasa aikin da nakiya ta fara?"

Mai walda bai ko ɗaga gilashin fuskarsa ba. Shagonsa na manne da ƙofar, kuma shi ya ƙera ƙarfen da aka ɗora a kan matakala huɗun nan, don keken guragu mai batir da 'yar Kofur ta aiko wa ubanta. Ya gwada aikinsa kafin ya miƙa shi. Da babur ɗinsa ya gwada, ya hau ya sauka sau uku lafiya lau. To me kuma tsohon nan yake nema?

"Duk tudun inci ɗaya, a ba shi shimfiɗar inci goma sha biyu," in ji Kofur. "Haka take a asibitinmu na soja. Kai ka zo ka jingina min tsani."

"To ka koma asibitin mana, Baba. Nan gidan haya ne."

Gaskiyar da mai walda bai taɓa faɗa ba ita ce ya auna da tef. In aka bi lissafin tsohon, gangarar za ta cinye gaban shagonsa kaf, inda yake baje ƙofofi da tagogi. Sai ya yi kunnen uwar shegu. Dama ba sa ga maciji. Kofur mutum ne mai baƙar magana, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka ita.

Wata biyar ana haka. Kullum da hantsi keken zai zo da ɗan kukansa ya tsaya daidai bakin ƙarfen. Maƙwabta sun sha cewa za su ɗauki Kofur su sauke shi.

"Ni buhun siminti ne? Da kaina zan fita, ko kada in fita."

Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: ya je wajen mai aski a ƙarshen layi, ba tare da hannun kowa a kafaɗarsa ba. Gemu ya cika masa fuska. Mai walda kan kalle shi ta gefen ido, haushi ya ƙara turnuƙe shi, ya ƙara wa injin wuta.

Ranar wata Talata keken bai zo ba. Da azahar maza huɗu suka fito da Kofur cikin makara a kafaɗa, suka raɓe ta gefen ƙarfen don kada santsi ya kwashe su. Mai walda ya rufe shago ya bi su.

Bayan kwana uku 'yar Kofur ta turo keken har bakin ƙofa. Doguwa ce, da idon ubanta sak.

"Kai ne mai walda?"

"Ni ne. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙu…"

"Riƙe gaisuwarka. An ce ka ce aikinka ba shi da aibu. Mota na jira a titi. Hau ka saukar min da shi."

"Haba, Hajiya, sai mu kama mu ɗauka."

"Ba a ɗauka. Hau."

Matan gidan sun firfito. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma ido ya yi yawa. Ya goge hannu a wando, ya haura, ya zauna. Kujerar ta lotsa daidai jikin wani, ba nasa ba.

Daga nan ƙarfen ya zama wani abu dabam. Bai ga tsakiyarsa ba sam, sai baki, sai kwata a ƙasa. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, tsoro kuma ya fi kunyar yawa. Can ƙarshen layi mai aski yana kakkaɓe tawul a ƙofar shagonsa.

"Maɓallin na hannun dama," ta ce.

Ya ɗora babban yatsa a kai. Wajen ya goge, fentin ya tashi. Yatsan ya zauna a nan, bai motsa ba.