Kwaltar Yannering

Noel Petering direban gireda ne a ƙaramar hukumar Morrabel, shekararsa talatin da huɗu a kan aikin. Duk hanyoyin yankin ya san su kamar tsakar gidansa. Ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san kwanar da tirelolin alkama ke cinye mata gefe. Amma ba wadda ya sani irin hanyar Yannering, ƙauyensu, kilomita ashirin da uku daga babban titi. Yana ɗan shekara ashirin da bakwai aka zuba mata kwalta, kuma shi ya share mata ƙasa. Aikinsa na farko ke nan.

Yanzu kwaltar ta tsufa, ta tsattsage, gefenta ya zaizaye har motoci biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta sauka. Mutanen Yannering ba su fi sittin ba. Akwai rumbunan hatsi, da coci, da filin ƙwallo da tumaki ke kiwo a ciki, sai kanti ɗaya wanda shi ne kuma gidan waya. Mai kantin yayar Noel ce, Beryl, wadda mijinta ya rasu tuntuni ya bar ta da kantin da kuma bakinta. Kullum da safe Noel kan tsaya wurinta ya ɗauki burodi da jarida.

"Ga sarkin ramuka ya iso," in ji ta wata safiya. "Ka ga na kusa da gonar Drendel kuwa? Agwagi sun tare a ciki, har sun fara ƙwai."

"Yaya, ni gireda nake tuƙawa, ba ni ke raba aiki ba."

"Haka kake cewa tun kana yaro in an fasa kofi. Zo nan ka sa hannu."

"Ai kin san ma'aikaci ba ya sa hannu."

"To sa ƙafa."

Shekara uku Beryl tana tara sa hannun mutane a kan teburin kantin, ana roƙon hukuma ta gyara hanyar. Har direbobin da suka ɓata hanya suka shigo tambaya ba ta bari su fita sai sun rubuta sunansu. A ƙarshe aka sa maganar a zaman majalisa na watan Maris. Kansilan mazaɓarsu, Kev Drendel, wanda suka yi aji ɗaya da Noel, ya ce mata ta kwantar da hankalinta.

Ranar zaman kusan rabin ƙauyen suka zo Morrabel, maza da rigunan zuwa coci, wuyansu ya ƙone da rana. Noel ya zauna can baya da kayan aikinsa, don ba shi da ikon magana. Injiniyan hukuma, wanda bai cika shekara da zuwa daga birni ba, ya haska hotuna a bango. Ya ce an shimfiɗa igiyar na'ura a ƙasa ta ƙirga motocin da ke bin hanyar, arba'in da ɗaya a rana. Ƙa'ida ta ce hanyar da ba ta kai hamsin ba, ba ta cancanci kwalta ba. Shawararsa ita ce a kankare wadda ke kai, a mayar da hanyar burji.

Da farko mutane ba su gane ba. Wani tsoho ya tambayi na kusa da shi da ƙarfi, "Ya ce yaushe za a fara gyaran?"

Aka ba Beryl minti uku. Ta miƙe da sandarta, ba ta ko duba takardar da ta rubuto ba.

"Ɗan nan, a wane wata ka shimfiɗa igiyar ƙirgar taka?"

"Janairu," in ji injiniyan.

"Janairu. An gama girbi, makaranta na hutu, duk mai mota ya kwashi yara ya tafi bakin teku. Me ya hana ka zo a Disamba, lokacin da tirela ke bin tirela har ba ka iya tsallaka titi? Mu gyara muka roƙa. Ba mu ce ku zo ku ɗauke wadda muke da ita ba."

Tana cikin bayanin motar makaranta aka kaɗa mata ƙararrawa. Aka zo ƙuri'a a kan shawarar injiniyan. Kansiloli bakwai ne. Uku suka ɗaga hannu nan take, uku suka naɗe nasu. Kev Drendel ya dubi teburinsa, sannan ya ɗaga nasa a hankali, bai ko miƙe shi sosai ba.

A wajen zauren Noel ya tare shi.

"Kev, me ka yi haka?"

"Sun ce ko hanya, ko nas ɗin da ke zuwa mana ran Talata. Ɗaya za su iya riƙewa. Uwata tana buƙatar nas ɗin, yayarka ma haka. Kai da wanne za ka zaɓa?"

 Noel ya tsaya yana kallon mutanensu suna shiga motoci.

Ran Litinin shugaban aiki ya kira shi ofis, ya tura masa takardar aikin kankare hanyar Yannering.

"Ba dole ba ne, Noel. Na san garinku ne. In ba ka so, sai mu ba ɗan kwangila."

Noel ya san aikin 'yan kwangila. Za su zo da sauri su shimfiɗe hanyar sumul ba tudu a tsakiya, ba magudana, ruwan farko ya mayar da ita tafki. Ya ce a ba shi kwana ɗaya. Da yamma suna cin naman tunkiya da dankali ya gaya wa matarsa Glenys.

"In ka yi, ba za su yafe maka ba," in ji ta.

"In ban yi ba, kafin Yuli ba mai iya fita daga garin nan."

"Wannan ba za su gani ba. Kai za su gani a kan giredar."

"Na sani."

Ya karɓi aikin. Ranar da ya fara, ya sauke haƙoran giredar a bakin babban titi, ya ji sun kama. Kwaltar ta riƙa ɗagowa falle-falle tana karyewa, ƙararta na shigowa har cikin haƙoransa. A ƙarƙashinta ya ga jar ƙasar da ya shimfiɗa da hannunsa, tana nan a daɓe yadda ya bar ta. Sati uku ya yi. Ya ta da tsakiyar hanyar yadda ruwa zai gangara, ya buɗe magudanai, ya yashe kowane kwalbati, har da waɗanda ba sa cikin takardar. Inda tifa ta kawo tsakuwa mai laka, ya mayar da ita. Bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba.

A yankin, in mota ta gifta mota, direba kan ɗaga yatsa daga kan sitiyari, gaisuwar ke nan. Cikin satin farko Noel ya lura yatsun sun daina ɗagowa. A mashaya ran Juma'a wani ya ce, "Ku ɓoye kafet ɗin nan, kada Noel ya kankare shi." Aka yi dariya, amma ba wanda ya matsa masa wuri.

Rana ta ƙarshe aikin ya iso ƙofar kantin. Beryl na zaune a baranda. Ya kashe inji, ya kasa saukowa. Ita ta taso, ta tako da sandarta har gindin giredar, ta miƙa masa kofin shayi.

"Sha ka ƙarasa. Kada ka bar mini rabi a ƙofa."

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ba kai ka ɗaga hannu ba. Ka dai yi a hankali da bututun ruwana."

Wata biyu hanyar ta yi kyau ƙwarai. Ba rami, ba gargada, har waɗanda suka daina gaishe shi suka yarda a bayan idonsa cewa ta fi da daɗin bi. Injiniyan ya zo ya ɗauki hotuna.

Sai damina ta shigo da sanyinta a watan Yuni. Magudanan Noel sun yi aikinsu, amma burji burji ne. Motocin taki masu nauyi suka bi ta tana jiƙe, suka yi mata kwari biyu. Kamfanin motar makaranta ya aiko da takarda cewa duk ranar da aka yi ruwa motarsu ba za ta wuce babban titi ba, iyaye su kai yaran can. Kafin ƙarshen zangon karatu, gida biyu masu yara suka koma Morrabel. Motar da ke kawo wa kanti burodi da madara ta rage zuwa sau ɗaya a sati, daga baya ta daina. Beryl ta koma zuwa ɗauko kaya da kanta, da ciwon ƙugunta. Nas ɗin ma ba kowace Talata take iya isowa ba.

Noel ya nemi a tura shi ya gyara. Aka ce hanyar ta sauka aji, yanzu sau ɗaya a shekara gireda ke bin irinta. Wata Lahadi bayan coci ya ari taraktar maƙwabcinsa, ya ɗaura mata ƙarfe ya ja a kan wuraren da suka fi lalacewa. Ran Laraba ya sami takardar gargaɗi: ba a taɓa hanyar hukuma sai da izini.

Da girbi ya zo, tireloli suka niƙe tsakuwar ta zama gari. Ƙura ta riƙa shiga kantin tana kwanciya a kan gwangwanaye da wasiƙu, Beryl ta share da safe, kafin azahar ta dawo. A watan Maris ta rufe kantin. 'Yarta ta zo daga birni da mota ta ɗauke ta. Noel ne ya ɗora kayan. Da ya rufe ƙofar motar ta sauke gilashi.

"Ka riƙa cin abinci. Kuma ka je a duba maka idon nan, ka daina taurin kai."

"Za ki zo Kirsimeti?"

"Da wane ƙugun? Kai ka zo."

Bayan sati biyu shugaban aiki ya sake kiransa. Injiniyan na zaune, da rahoto a gabansa, hoton hanyar Yannering a bango tana sheƙi kamar ranar da aka gama ta.

"Majalisa ta yaba da aikinka," in ji injiniyan. "Shi muka nuna musu a matsayin shaida cewa tsarin yana aiki. Wata shida ke nan ba mu sami ƙorafi ko ɗaya daga Yannering ba."

"Wa ya rage ya kawo ƙorafin?"

Injiniyan ya yi murmushi, ya ɗauka wasa ne. Ya ce an amince da ƙarin hanyoyi huɗu, kuma kansiloli sun ce Noel suke so ya yi su, don sun ga hannunsa. Za a fara da ta Wirrabool.

Noel ya dubi shugaban aiki. Shugaban ya kau da kai, ya ce, "In ba ka so, akwai ɗan kwangila."

Ran Litinin da hantsi ya isa mahaɗar Wirrabool. Ya kafa allunan gargaɗi, ya duba mai, ya zagaya tayoyi. Wata mata ta tsaya da motarta, kare biyu a baya, ta leƙo tana fara'a.

"Kai, sannu da zuwa! Shekara nawa muna jiranku. Gyara kuka zo yi?"

"Ba a aiko muku da takarda ba?"

"Wa ke karanta takardun hukuma? Me ta ce?"

Noel ya cire hularsa, ya gaya mata. Fara'ar ta tafi daga fuskarta. Sannan ta tambaye shi daga wane gari yake.

"Yannering," in ji shi.

Ta ɗaga gilashinta ta wuce. Ya jira ta yi nisa, ya hau giredar, ya ta da inji.