Burodin Tuffa na Maccido Kuku

Tambaya ta ɗaga murfin tulun da yatsa biyu, ta kau da kai, amma warin ya riga ya shige mata hanci. Wani abu ne fari-fari mai yauƙi, yana kumfa a ƙasan tulun. Ta tofar da yawu, ta ja gefen zanenta ta toshe baki.

"A'uzubillahi! Maccido, wanga abu za ka sa in taɓa da hannun da nika cin tuwo?"

"Shi na, Inna Tambaya," in ji muryar da ke cikin ɗaki. "Ludayi biyu kurum. Ki yi wa Allah."

Zana ɗaya ce ta raba gidanta da na Maccido Kuku a Tambuwal. Shekara ashirin da shida ya yi yana dafa wa Turawa abinci, sai da aka sauke tutarsu bara, Baturen gona na ƙarshe ya kama hanya, sannan ya dawo gida da gadon ƙarfe, da tukunyar ƙarfe, da wannan tulu. Ba mata, ba ɗa. Tun makon farko Tambaya, mai masar unguwa, ta jiyo warin ta saman zana, ta kuwa kai shi bakin rijiya da ɗuminsa: kukun nasara giya yake dafawa. Kafin Juma'a ta zagayo magana ta gama gari. Aka daina karɓar ruwa a hannunsa. Malam Atiku, limamin unguwa, ya faɗa a gaban mutane cewa ran da Maccido ya mutu a nemi wani ya ja sallar, shi dai ba zai tsaya kan gawar mashayi ba.

Yau ma ba ƙauna ta kawo ta ba. Kwana uku ne ba ta ji motsin butarsa ba, sai tari, kuma haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne. Ta tarar da shi ya rame ya zama ƙashi, ɗakin yana zarnin fitsari, ƙudaje sun baibaye kwanon kunu. Ɗan ƙanensa Ɗangiwa kuwa, wanda ya taho daga Kebbe a kan keke tun shekaranjiya, yana waje gindin darbejiya yana cin rake. Sau ɗaya ya leƙa ɗakin, shi ma gadon ƙarfen ya auna da taƙi, ya fita. Tir da irin wannan ɗa!

Abu ɗaya Maccido ya roƙa: burodin tuffa, irin wanda yake gasa wa Turawa. Ya nuna mata wani gwangwanin tuffa a ƙarƙashin gado, mai hoton jan ɗan itace, wanda ya ɓoye tun tafiyar Baturen. Gwangwanin ya kumbura ciki kamar akuya mai juna biyu. Tana soka masa wuƙa ya yi tsartuwa, baƙin ruwa ya fesa mata a haɓa. Ta yi jifa da shi, ta ruga bayan ɗaki tana kakarin amai.

Da ta dawo tana goge fuska, sai ta ji mutumin nan yana dariya, dariya tana sarƙe shi da tari.

"Bar shi, ya ruɓe. Tsinko ɗanyar gwanda can bakin randa, da lemun tsami biyu. Wallahi Inna, shekara da shekaru ita nika ba Bature, shina ci shina cewa tuffa ta yi kyau."

"Ashe dai kai ɓarawo na," ta ce, ba tare da ta yi murmushi ba.

Daga kan gado yake ba da umarni, ita tana tsakar gida tana aiki tana tsaki. Ta fere gwanda, ta yanka ƙanana, ta tafasa da ruwan lemu da mazarƙwaila har ta yi laushi. Ta daka kanumfari da citta da ɗan guntun kirfa da ya rage a kwalba. Ta fasa ƙwan zabi huɗu a garin alkama, ta zuba man shanu. Sai aka zo kan tulu. Ta ɗauke numfashi, ta kamfato ludayi biyu, ta dulmiya hannu tana cuɗawa, fuska a yamutse.

Numfashi ba ya ɗaukuwa har abada. Da ta sake shi, ta shaƙa, sai hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Ta sunkuya ta sake shaƙa. Ai ta san wannan wari. Shekara arba'in tana tashi da shi kowace safiya, in ta buɗe ƙullun masarta da ya kwana ya tashi. Wannan ya fi nata ƙarfi ne kawai, don ya fi shi tsufa.

"Maccido, mi ad da mi cikin tulun ga?"

"Gari da ruwa. Wata tsohuwar Baturiya 'yar Amirka, mai farar hula irin ta jarirai, ita tab ba ni tun ina koyon aiki. Kullum a ba shi gari tafi guda, in ba haka ba shi mutu."

Ta dubi hannunta, ta ce, "Ka san abin da aka faɗi a gari?"

"Na sani. Na san da mai faɗin. Zanar ga ba ta da kauri, Inna."

Kalmar neman gafara tana bakin Tambaya, amma girman kai ya danne ta. Ta ce a ranta bari burodin ya fito, in ta miƙa masa da zafinsa sai ta roƙe shi gafara, zai fi daɗin faɗa. Ta rufe ƙwarya ta ajiye a rana. Bayan azahar ƙullu ya ninka, ta juye a kwano, ta zuba rairayi a gindin tukunyar ƙarfe, ta ɗora kwanon, ta rufe, ta jera garwashi a kan murfi kamar yadda ya ce. Ƙanshin kanumfari da man shanu ya cika gidan har ya tsallaka zana. Ɗangiwa ma sai da ya leƙo yana lasar baki.

Ta yanko yanki guda, ja a waje, laushi a ciki, ta shiga da shi tana hurawa. Maccido yana kwance ya juya ga bango, ƙuda na yawo a kan leɓensa, bai kore shi ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Labari ya fita, maza suka taru, amma a can nesa, kowa ya harɗe hannu yana jiran wani ya fara shiga. Malam Atiku bai zo ba. Tambaya ta fito ta tarar da Ɗangiwa ya ɗauki taɓarya ya nufi tulun, wai zai fasa kafin a gani, kada a ƙara zubar musu da mutuncin gida.

"Aje taɓaryar ga, mara kunya! Kwana ukku kana cin rake, ko ruwa ba ka ba shi ba."

Ta rungumi tulun a ƙugu, ta biya gidanta ta ɗauko ƙwaryar ƙullunta na gobe, ta ratsa mazan nan ba ta kalli kowa ba, har zauren liman. Ta durƙusa, ta dire masa su biyun a kan buzu.

"Allah gafarta Malam, shekara nawa kana karya kumallo da masata? To shaƙa wanga, ka shaƙa wanga."

Malam Atiku ya ja baya yana yatsina, sannan ya sunkuya. Ya shaƙi ɗaya, ya shaƙi ɗayan.

"Gari da ruwa na," ta ce, ta ɗaga murya don na waje su ji. "Ni naf fara faɗin giya ta, bakin rijiya, ban gani ba, ban tambaya ba. Kunka ɗauka kunka yi ta yawo da ita. In akwai gawar da za a ƙi, tawa ta."

Malam ya sake duban tulun. Daga nan ya miƙa hannu ya jawo butarsa, ya ce a nemo likkafani.

An binne Maccido kafin magariba, da sahu uku cif. Da aka dawo zaman makoki Ɗangiwa ya fito da burodin ya yayyanka, wai sadaka. Mutanen da suka shekara ba su karɓi ruwa a hannun mamacin ba suka yi ta miƙa hannu, suna lashe yatsu, suna cewa kai, marigayi gwani ne, mu dama ba mu taɓa yarda da zancen nan ba. Wani har yana tambaya ko da saura. Tambaya dai ba ta ɗanɗana ba.

Washegari da hantsi Ɗangiwa ya ɗaure gadon ƙarfe a bayan jakin haya ya kama hanyar Kebbe. Tulun yana ɗakin girkin Tambaya, kusa da ƙwaryar ƙullunta. Ta ɗebo garin alkama tafi guda, ta zuba, ta ƙara ruwa, ta juya da yatsa.

"Maccido, ka yafe min," ta ce, tana duban zana.

Can ƙasan tulun wata 'yar kumfa ta taso a hankali, ta fashe.