Sabon Mariƙi Ga Hannun Mai Walda

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Mai Walda, yatsunsa na dama suka daina rufewa. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, amma hannun ya tsaya a rabin hanya kamar mai jiran a ɗora masa lemo. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana lanƙwasa ƙarfe, yanzu ko cokali sai ya yi masa gardama.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Mamana. Ita ta yi ɗawainiya da shi a asibiti, kuma tun da aka sallame shi ta karɓe mulkin gidan, ko da yake a gidan mijinta take kwana. Ta hana gishiri, ta hana hawa babur, ta hana zuwa tafki. Na ƙarshen nan shi ya fi ci masa rai, don tun yana saurayi duk ranar hutu a bakin tafkin bayan gari yake yini da sandar fatsarsa, shi da amininsa Tela.

Wata safiya ya duba bayan ƙofa inda sandar take jingine, bai gan ta ba.

"Uwargida, ina sandata?"

Matarsa ta ci gaba da tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "Tana ɗakin shirgi. 'Yarka ce ta kai, ta ce maƙwabci za ta bai wa. Ni dai babu ruwana."

"Da raina ake rabon gadona?"

Ya ja ƙafa zuwa ɗakin shirgi. Can ya same ta a bayan matacciyar fanka da tsofaffin katifu. Mariƙinta na ɓawon itace ne, irin mai taushin nan mara nauyi da ake yin matoshin kwalba da shi. Danshi ya sa ya yi baƙi da fumfuna, ɓera kuma ya gutsire gindinsa ya bar ramuka.

Ya fito tsakar gida da roba, da ruwan ɗumi, da guntun sabulu, da tsohon burushin haƙori. Ya matse sandar a hammatarsa ta dama, ya riƙa gogawa da hagu. Bai tsoma mariƙin a ruwa ba, don ya san in ya jiƙa sosai gam ɗin ciki sakewa yake. Kumfa ta fito baƙa, ya share da tsumma, ya sake gogawa. A hankali asalin launin ya bayyana, kalar shayi da madara, har da gurbin da babban yatsansa ya cinye cikin shekaru. Ya shanya a inuwa, don rana tana tsattsaga shi. Da ya bushe, ya kankare garinsa kaɗan da sanfefa, ya kwaɓa da gam ɗin kafinta, ya cike ramukan ɓeran da tsinin wuƙa.

Ranar da aikin ya kammala, ya sa sandar a hannun dama ya ɗaga. Ta sulale ta faɗi a kan siminti. Ya ɗauka ya sake, ta sake faɗuwa. Yatsun ba sa kai wa ga mariƙin, tsakaninsu da shi akwai sararin da za a iya zura yatsa biyu.

Ya daɗe zaune yana kallon hannun. Matarsa ta kawo masa shayi, ta ajiye filas a gabansa. Yana zare matoshin filas ɗin, sai ya tsaya yana juya shi. Irin ɓawon ne sak.

Da yamma matar ta fito daga kicin tana salati. "Malam, ina matosan filas ɗina? Har na baƙi babu!"

"Suna aiki."

"Wane aiki?"

"Hannu ya ƙi zuwa wurin mariƙi, to mariƙi zai zo wurin hannu."

"Ni kuma na sha ruwan sanyi?"

"Toshe da tsumma, ai ba gasa ake ba."

Matosan gida ba su isa ba, sai da Tela ya bi masu shayin layinsu yana roƙon tsofaffi. Tela ne ya riƙa riƙe masa su, shi kuma yana yankawa, yana rarake cikinsu, yana tsaga su biyu ya rufa a kan tsohon mariƙin da gam. Suka ɗaure da robar tayar keke har ya kama. Sannan Mai Walda ya ɗora hannunsa a kai, Tela ya zagaye yatsun da alli, aka bi layin da magogi, kowane yatsa da kwarinsa daidai yadda ya karkace.

"Wallahi wannan ba mariƙi ba ne, doya ce," in ji Tela.

"Doyar da ta yi mini daidai. Ka taɓa yi mini ɗinkin da ya zauna haka?"

Suna cikin dariya Mamana ta yi sallama, ko kayan aiki ba ta cire ba. Idonta ya sauka a kan sandar. Tela ya tuna yana da ɗinkin da ake jira, ya zura takalmi ya fice.

"Baba, mene ne wannan?"

"Sandata ce. Kin manta ta ne?"

"Ina za ka da ita?"

"Inda ake zuwa da ita."

Ta ajiye jaka. "Baba, ni na ga yadda aka shigo da kai asibiti. Ba ka san wanda ke kanka ba. In abin nan ya dawo kana bakin ruwa, wa zai ciro ka? Kawu Tela da ba ya iya ɗaga bokiti?"

"Mamana, zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya ki ji. Kin hana gishiri, na bari. Kin hana babur, na bari, don in na faɗi zan iya kashe ɗan wani. Amma wannan ni kaɗai ne da ruwa. Kin ceto ni, Allah ya saka miki. Sai dai ba ki ceto ni don ki jingine ni a bango kusa da fankar can ba."

Idonta ya kawo ruwa. Ta miƙa hannu ta kama tsakiyar sandar. "Ba ni."

Ya zura yatsunsa cikin kwarin mariƙin. Ta ja, sandar ba ta taho ba. Ta ƙara ja da ƙarfi, hannun da ta yi wata da watanni tana murzawa da man zafi ya ƙi saki. Suka tsaya suna kallon juna. Ita ta fara saki, ta ɗauki jakarta ta fita, ko sallama ba ta yi wa uwarta ba.

Ranar hutu ya tafi. Shi da Tela suka shiga motar haya, suka ƙarasa da ƙafa, yana tsayawa yana hutawa. Jifan farko zaren ya sarƙe a ciyawa. Na biyu ko nisa bai yi ba. Har rana ta take babu ko motsi, sai can wata tarwaɗa ta fizgi ƙugiya. Sandar ta lanƙwashe, Mai Walda ya miƙe, hannun dama yana riƙe, na hagu yana naɗe zare, Tela yana ihu yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Kifin ya zo dab da gaɓa, sai ƙafar mara lafiya ta zame a laka. Ya faɗi a gwiwa, dutse ya yanke masa ƙauri, zaren ya tsinke. Kifi ya tafi abinsa. Sandar tana hannunsa.

Ya dawo gida da jini a wando. Matarsa ta kira Mamana a waya, ta zo da akwatin magani, fuska a ɗaure. Ta durƙusa ta wanke ciwon, ta zuba maganin da ya fi kowanne zafi, bai ko motsa ba.

"Ka gani ko?" ta ce tana naɗa bandeji.

"Na gani. Girmansa ya kai cinyata."

"Ciwon nake nufi, Baba."

"Shi ma na gan shi."

Ta ɗaure bakin bandejin da ƙarfi. "In ka sake komawa, ba ni ba kai."

"Zan koma, Mamana. Ba zan ɓoye miki ba, kuma ba izini nake nema ba. In kin yi fushi, ki yi, kina da gaskiyarki."

Ta rufe akwatin ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo, ba ta dube shi ba, uwarta ta duba.

"Ki ce masa wannan silifas ɗin ne ya kayar da shi. Mai hankali ba ya shiga laka da shi."

"Ki ce mata na ji," in ji Mai Walda. "Ki kuma tambaye ta, lamba nawa ne takalmin roba na mijinta?"