Ciyar da Auta ta Hanci

Kafinta ne, shekara ashirin yana buga guduma, amma a ɗakin da aka kwantar da 'yarsa Auta ko tari ba ya iya yi. An saki labule, an kashe fitila, don ƙara kaɗan ko haske sai jikinta ya sandare, bayanta ya lanƙwashe.

Ƙusa mai tsatsa ta taka a shagonsa. Ya wanke wurin, ya ɗaure da tsumma, ya ce ta je ta yi wasa. Kwana tara bayan haka bakinta ya ƙi buɗuwa. Likita ya ce ciwon sarƙewar haƙora ne.

Nas ta zura siririyar roba ta hancin yarinyar har ciki, ta miƙa masa sirinji.

"Madara ce da mai da sukari," ta ce da raɗa. "Duk bayan awa uku. Ka ɗaga mata kai, ka tura a hankali. Wannan sandarewar tana cinye ƙarfinta, dole mu mayar mata. Ta baki kuwa, ko ɗigon ruwa kada a ba ta. Zai faɗa huhu."

Matarsa ba ta iya zama a ɗakin, kuka take, don haka aikin ya dawo kansa. Sai da ya yi kwana biyu kafin ya saba.

Ran na shida mahaifiyarsa ta zo da kwano a lulluɓe.

"Ɗan nan, cokali ɗaya kawai. Yaushe aka taɓa ƙoshi ta hanci?"

"Inna, ki yi haƙuri. An hana."

"Ni na raine ka, yau ni za ka koya wa ciyar da yaro?"

Ya tare ƙofa. Ta ajiye kwanon a ƙasa ta tafi, ba ta sake dawowa ba.

Auta ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. A sati na uku sandarewar ta ragu, bakin ya buɗe kamar faɗin yatsa. Ya sunkuya ya ji me take cewa.

"Baba, yunwa."

Ya je ya sami nas. Ta duba maƙogwaron, ta girgiza kai, ta ce sai an ƙara kwana huɗu.

Ya dawo ya cika sirinji. Auta na kallonsa, hawaye na gangara mata cikin kunne, shi kuma yana turawa a hankali.