Ranar da Aka Je Ɗauko Pikun

Sai da Pikun ta shekara uku da wata biyu da rasuwa sannan uwarta ta san ba a taɓa zuwa an ɗauko ta ba.

Lamduan ta ji maganar ne daga bakin Luang Ta Chuen, tsohon malamin haikalin unguwarsu, wata safiya tana durƙushe tana zuba masa shinkafar sadaka. Hira ce kawai ta kawo. Ta ce masa ta yi mafarkin yarinyar tana tsaye a bakin titi babu takalmi. Tsohon ya ce ai dole, wanda ya mutu a hanya a hanya yake zama har sai an je an kira shi gida.

"Ai an kira ta, Luang Ta. Yaya Thongbai ce ta zo ta tafi da ku, kwana uku da faruwar abin. Ni ina kwance lokacin."

Tsohon ya rufe kwanon sadakarsa.

"Thongbai ta zo, ta ce za ta dawo ranar Alhamis," in ji shi. "Ban sake ganinta a kan maganar ba. Na ɗauka wani haikalin kuka je."

Shekarar Pikun goma sha tara lokacin da babur ya ƙwace mata a kwanar da ke bayan rusasshen haikalin Chedi Hak, inda gumakan Buddha suke zaune a jere babu kawuna tun zamanin da aka ƙone tsohon birnin Ayutthaya. Dama kwanar ba ta da kyakkyawan suna. Tsofaffi suna cewa da tsakar rana, in gari ya yi tsit, ana jin ƙararrawar giwayen yaƙi daga ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai wani soja mai hannu ɗaya da ke tare masu wucewa yana tambayar hanyar fada. Amma waɗannan fatalwowin dā ne, ba su taɓa ba kowa komai ba. Pikun kuwa, kwana goma sha ɗaya da mutuwarta, lambobi ukun ƙarshe na lambar babur ɗinta suka fito a cacar gwamnati. Mutum bakwai suka ci a unguwar, har da Thongbai, yayar Lamduan uwa ɗaya uba ɗaya.

Kafin Lamduan ta iya tashi daga shimfiɗa, an riga an naɗe itacen kwanar da ƙyallaye kala-kala, an kafa ɗan ɗakin katako a gindinsa, an laƙaba wa Pikun suna Gimbiya. Yanzu rigunan siliki ne rataye a rassan, ga kwalaben jan lemo da tsinken zuƙa a bakin kowacce, ga jan-baki da madubai da 'yan tsana. Mutane suna shafa wa ɓawon itacen hoda suna murzawa da yatsa ko lamba za ta bayyana. Tebura takwas ke sayar da furanni da turare, mafi girma na Thongbai ne. Masu tuk-tuk, kekunan haya masu ƙafa uku, suna kawo baƙi daga Bangkok, kowane direba da nasa labarin. Wani ya ce ciki gare ta. Wani ya ce wajen mijin wata za ta.

Duk wannan Lamduan ta shanye shi, domin a saninta 'yarta tana gida. Abin da ke kwanar itace ne kawai da wautar mutane. Takan zagaya ta doguwar hanya zuwa shagon da take jan zaren alewar da ake naɗewa a roti, wani siririn burodi, kuma kowace safiya takan ajiye shinkafa da soyayyen ƙwai a gaban hoton Pikun, ta ba ta labarin unguwa, har takan yi mata faɗa a kan wani abu na dā. Ashe shekara uku da bango take magana, yarinyar tana can a rana, baƙi suna roƙonta lamba.

Ranar ba ta je aiki ba. Ta bi gajeruwar hanya karon farko.

Thongbai tana zaune tana saƙa furannin yasmin da doguwar allura. Ta ga ƙanwarta tun daga nesa, ba ta daina saƙar ba.

"Yau wace rana? Uwar gimbiya da kanta. Ku ba ta kujera."

"Yaya, kin ce min kin ɗauko ta."

"Na ce zan ɗauko ta."

"Kin ce kin ɗauko ta. Kin zauna a gefen katifata kin ce ta shigo, har kika nuna min ƙofa."

"To da me zan ce miki? Kina kwance ba ci ba sha, kamar kifin da aka shanya." Thongbai ta ciji zaren ta tsinke shi. "Dubi wurin nan da kyau, Lamduan. Da ranta kin taɓa saya mata siliki? Riga ɗari da wani abu gare ta yanzu. Manyan mutane suna durƙusa mata. A gidanki me za ta samu, ƙwai?"

"Gobe zan zo da Luang Ta."

Wani direban tuk-tuk da ake kira Piak, wanda ya yi makaranta da Pikun, ya sauke ƙafarsa daga kan sitiyari.

"Inna Lamduan, gida takwas ke ci a nan fa, ban da mu."

"Ku ci da naku 'ya'yan," ta ce, ta juya.

Da yamma Luang Ta ya zaunar da ita ya maimaita mata ƙa'idar sau biyu, ko da yake duk wanda ya girma a garin ya san ta. Turare tsinke ɗaya, don uku na Buddha ne, ɗaya na mamaci. Za ta kira sunan yarinyar sau uku a inda ta faɗi, ta ɗebi ƙasar wurin a farin ƙyalle. Daga nan har gida ba waiwaye, ba magana da mai rai. A kowace mararraba ta gaya mata ina za a karya. A gada kuwa, kafin ƙafarta ta taɓa katakon farko, sai ta faɗa da baki cewa ga ruwa za a haye, domin mamaci ba ya haye ruwa sai an gaya masa. In ba a faɗa ba, a nan zai tsaya.

"In an yi kuskure fa, Luang Ta?"

"Kada a yi. Wanda aka kira aka yar a hanya ba ya saurin amsa kira na biyu. Ni dai ban taɓa ganin ya amsa ba."

Washegari da hantsi suka iso. Tsohon yana gaba da farin zare a hannu, ɗaya bakin zaren a ɗaure a ƙyallen da Lamduan ta riƙe. Ta zaci za a tare su, ta shirya wa zagi har da duka. Babu wanda ya taɓa ta. Masu tebura sun tsaya a jere, hannuwa a haɗe a ƙirji don girman malamin, fuskoki kamar an shafe.

Ta durƙusa a bakin kwalta ta kunna turaren. "Pikun. Pikun. Pikun, Mama ce. Tashi mu je gida, 'yata. Na makara, ki yi haƙuri."

Ta ɗebi ƙasar wurin a ƙyallen. Ko iska ce, ko me, ita dai ta ji ƙyallen ya yi nauyi a tafinta, nauyin da ya fi na ƙasa cikin hannu ɗaya. Ta miƙe a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a faranti.

Sun yi taku ashirin sai aka fara daga baya. Ba ihu ba ne. Murya ce mai taushi, irin wadda ake lallashin yaro da ita.

"Pikun, ina za ki? Ga lemonki da sanyi."

"Gimbiya, rigarki ta kore fa, wa za ki bar wa?"

Suna biye da su, suna kaɗa kwalabe suna ƙara kamar ƙararrawa. Luang Ta ya ɗaga murya da karatunsa, amma tsoho ne, numfashinsa gajere. Lamduan ta kafa ido a kan dugadugansa da suka tsattsage.

"Mararraba ce, 'yata, hagu za mu yi. Kada ki saurare su."

Suka wuce jerin gumaka marasa kai, suka wuce shagon mai gyaran taya. A mararraba ta biyu ta faɗa, a ta uku ma ta faɗa. Muryoyin suka fara raguwa, wasu sun gaji sun koma wa teburansu. Ta hango gadar katako a kan magudanar ruwan unguwarsu, da rufin kwanon gidanta a ƙetare, da tagar da ta bari a buɗe. Turaren ya ci rabi. Zai kai.

Takalmin Thongbai kaɗai ya rage a bayanta, ta san shi da jan ƙafar hagu. Har ta matso kusa, kusan kafaɗa da kafaɗa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba da Lamduan ba.

"Pikun, 'yar Inna, kin tuna abin da uwarki ta ce miki da safen nan? Ta ce in kin fita kada ki dawo mata gida. Ke kuwa yarinya ce mai jin magana."

Mutum ɗaya a duniya Lamduan ta taɓa gaya wa wannan, tana kwance, fuskarta a cinyar yayarta. Faɗa ne a kan abin da bai kai ya kawo ba, aikin masana'anta da yarinyar ta ce za ta bari. Kicin ɗin ya dawo mata gaba ɗaya: tukunyar da ke tafasa, makullin babur a yatsan Pikun, yadda ta tsaya a bakin ƙofa daƙiƙa ɗaya tana jiran a janye maganar, ita kuma ta juya mata baya ta ci gaba da yanka albasa.

Ba ta waiwaya ba. Ba ta ce wa Thongbai uffan ba. Ta cije haƙoranta ta yi ta tafiya, tana jin alfaharin cewa ba ta karya ƙa'ida ba, har sai da ta ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta maimakon katako.

Luang Ta ya tsaya. Ya juyo yana kallon bakinta.

Gadar tana bayanta, taku goma sha biyu, ta haye ta duka ba ta ce komai ba.

"Gada ce," ta ce da sauri. "Pikun, gada ce, ruwa ne, mun haye, zo." Ta koma da baya da baya har kan katakon, don kada a ce ta waiwaya, tana faɗa tana sakewa. Ƙyallen da ke hannunta ƙasa ce kawai a ciki, mara nauyi. Ta girgiza shi kusa da kunnenta. Tsohon bai hana ta ba, ya bar ta har turaren ya cinye ya ƙona mata yatsa, sannan ya naɗe zarensa a hankali ya sa a jaka.

"Mu ƙarasa gida," ya ce. "Zan yi karatun duk da haka."

Ya yi karatun a gaban hoton. Ta ba shi ruwa, ta raka shi ƙofa. Bai ce mata Pikun ta shigo ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa Gimbiya ta bi uwarta har bakin ruwa ta ƙi hayewa. Da yamma Piak ya kawo teburin Thongbai a bayan tuk-tuk ɗinsa, aka kafa shi a gindin gadar, daidai inda ake hangowa daga tagar Lamduan. Kwana biyu sauran teburan suka biyo. Wurin ya fi kwanar inuwa, ga filin ajiye mota, kuma wani ya ƙirga katakan gadar ya samu arba'in da bakwai, aka yi ta sayen lambar. Direbobi suka sami sabon labari, wanda ya fi na cikin daɗin faɗa, na uwar da ta kori 'yarta ta mutu, ta zo biko bayan shekara uku aka ƙi ta. Sukan nuna wa baƙi tagar.

Lamduan ta daina zuwa shagon roti. Kowace safiya takan fito da turare tsinke ɗaya ta tsaya a bakin katakon farko ta kira, ko da tsohon ya ce bai taɓa gani ba. Bai ce ba ya yiwuwa ba. Baƙi sukan ɗauke ta hoto.

A safiya ta tara wata babbar mota ta sauke mata kusan talatin daga Bangkok, kowacce da riga a leda. Lamduan tana tsaye a wurinta, ta kira sau biyu, saura ɗaya. Thongbai ta taso daga teburinta ta dafa mata kafaɗa, a hankali, kamar yadda takan yi tun suna yara.

"Ƙanwata, ɗan matsa gefe. Kin tare wa mutane hanya, wajen Pikun suka zo."

Lamduan ta dubi matan, sun haɗa hannuwa suna jira cikin ladabi. Ta matsa.